Wutar Cek Injin da Sensar Oksijin: Yadda Ake Gano Ainihin Inda Matsalar Take

A cikin fitilun da ke gaban direba babu wadda ake yi wa gurguwar fahimta kamar 'yar ruwan ɗorawar nan mai siffar inji, wadda direbobi da kanikawa suke kira wutar cek. Idan jar wutar baƙin mai ta kama, kowa ya san dole a tsaya. Idan allurar zafi ta hau, kowa ya san lagireto za a duba. Ita kuwa wutar cek tana iya kamawa alhali mota tana tafiya sumul, ba jijjiga, ba hayaƙi, ba wani baƙon ƙara, shi ya sa mutane da yawa suka daina kula ta, wasu ma har sukan sa a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. Wanda ya damu kuma yakan kai motar gareji a jona mata kwamfuta, a karanto wata lamba, a ce masa sensar oksijin ce ta mutu. Ya sayo wata a ɗaura, a goge lambar, ya biya kuɗin aiki, bayan 'yan kwanaki wutar ta sake kamawa. Wannan asara ce da ake iya kauce mata, domin lambar da kwamfuta take nunawa tana faɗin ta inda ƙwaƙwalwar mota ta samu rahoton da bai gamsar da ita ba ne kawai, kuma sau da yawa rahoton gaskiya ne, ɓarnar tana can wani wuri dabam.

Kafin a yanke wa wannan sensa hukunci, wajibi ne a san aikin da aka ɗora mata. Injin fetur yana ƙona mai yadda ya kamata ne idan an haɗa kimanin giram 14.7 na iska da giram 1 na fetur. Idan man ya wuce haka, wani sashe nasa zai fita ta salansa bai ƙone ba, tare da gubar kabon monoksaid. Idan kuma ya gaza, ƙarfin mota yakan ragu, gurɓatattun iskokin nitrojin su ƙaru a cikin hayaƙi. A zamanin kafireto bakanike ne yake daidaita wannan haɗi da sukudireba da kunnensa, kuma yadda ya bar shi haka zai zauna har sai an sake taɓawa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya samar da sensar da ta ba mota damar daidaita kanta tana cikin tafiya, kamfanin Volvo na Suwidin kuma ya fara saka ta a motocinsa a 1976 domin cika tsauraran ƙa'idojin hayaƙi na jihar Kalifoniya ta Amurka. Dalilin buƙatarta shi ne tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawanmu suke kira indomi, ba ta iya aikinta sosai sai haɗin iska da mai yana dab da wancan ma'auni a kowane lokaci.

Kan sensar wani irin tangaran ne na sinadarin zirkoniya da aka shafe ciki da waje da ƙarfen filatinam. Bayansa yana cikin hayaƙin salansa, cikinsa kuma yana samun iskar waje, to bambancin yawan oksijin tsakanin ɓangarorin biyu shi ke haifar da ɗan ƙaramin lantarki. Idan oksijin ya yi yawa a hayaƙi, lantarkin yakan sauka zuwa wajen bolt 0.1, idan ya yi ƙaranci, ya hau zuwa wajen 0.9, tsakiyar kuma 0.45 ce. Abin da ya kamata mai gyara ya riƙe da kyau a nan shi ne cewa sensar ba ta ganin fetur ko kaɗan, ragowar oksijin kawai take aunawa. Ƙwaƙwalwar mota ce take fassara yawan oksijin da cewa mai ya yi kaɗan, ta kuma fassara ƙarancinsa da cewa mai ya yi yawa. Duk abin da zai sa oksijin ya isa gaban sensar ta wata hanya, ko da man da ake zubawa daidai yake, zai sa a yi wannan fassara a bisa kuskure, kuma mafi yawan ruɗanin da ake samu a gareji daga nan yake tasowa.

Idan komai yana lafiya, ƙwaƙwalwar takan ƙara mai kaɗan har sensa ta ce ya yi yawa, sai ta rage kaɗan har ta ce ya gaza, haka za su yi ta yi ba tsayawa, shi ya sa lantarkin lafiyayyar sensa ta gaba, wato wadda take kafin tukunyar tace hayaƙi, yake hawa da sauka. Amma tangaran ɗin ba ya fara aiki sai ya kai zafin da ya haura digiri 300 a ma'aunin Salsiyos. Kafin nan motar tana zuba mai ne da ƙiyasin da aka rubuta mata tun daga masana'anta, wanda yakan karkata ga yawaita mai, kuma sikana, wato kwamfutar da ake jona wa mota don karanto lambobi, tana nuna wannan yanayi da haruffan OL, bayan ta fara aiki da rahoton sensa kuma ta nuna CL. Domin a gajarta wancan lokaci na ƙiyasi ne aka saka wa sensocin zamani 'yar hita a cikinsu, abin da ya sa ake ganin su da waya huɗu maimakon guda ɗaya ta da.

Galibin motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna bin tsarin bincike na bai ɗaya da ake kira OBD-II, mai soket ɗin nan na rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma tunda yawancin motocin da ke kan titunan Kano da Kaduna da Maraɗi daga waɗancan kasuwanni suka fito, wannan tsari shi ne namu. A ƙarƙashinsa mota mai silinda huɗu tana da sensa biyu aƙalla, ɗaya kafin tukunyar tace hayaƙi, ɗaya bayanta. Ta gaba ita ce mai daidaita mai, ta baya kuma babban aikinta sa ido a kan tukunyar. Inji mai silinda shida a jere biyu yakan kasance da huɗu, kuma a nan ake yawan canja wadda ba ita ba. Idan sikana ta rubuta B1S1, tana nufin sensa ta farko a jeren da silinda mai lamba ɗaya take. A motoci irin su Toyota Sienna da Camry masu silinda shida, wannan jere shi ne na baya, wanda ya maƙale a jikin bangon da ya raba inji da direba, mai wuyar kai hannu. Na gaba da ke kallon lagireto, wanda ido yake fara gani idan an buɗe bonet, shi ne jere na biyu.

Matakin farko na bincike shi ne kada a goge komai. Lokacin da ƙwaƙwalwa ta ajiye lamba, takan ajiye hoton yanayin da inji yake ciki a daidai wannan lokaci: gudun mota, zagayen inji, zafin ruwa, nauyin da yake ja, da yawan gyaran man da take yi. Wannan bayani shi ke nuna ko matsalar tana faruwa ne da sanyin safiya ko bayan inji ya yi zafi, a silo ko a kan babban titi, kuma da zarar an danna gogewa ko an cire kan batir ya tafi ke nan. Ya kamata a rubuta dukkan lambobin da aka samu, har da waɗanda suke jiran tabbaci ba su kai ga kunna wuta ba, domin haɗuwarsu ta fi kowace ɗaya bayani. Sai kuma a lura da yanayin wutar kanta: idan a tsaye take, ana iya lallaɓawa zuwa gareji, idan tana ƙiftawa, silinda ce take fashin ƙuna har ɗanyen mai yana kwarara cikin tukunyar tace hayaƙi, wanda zai iya narkar da cikinta, don haka a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Mafi sauƙin lambobin su ne na hita, irin su P0135 da P0141 da P0155, da kuma P0031 da P0032. A nan sensar tana da kaso mai yawa na zargi, domin zaren hita yakan tsinke idan ya tsufa. Duk da haka ba a sayen sabuwa sai an duba fiyus, an tabbatar da cewa wutar batir tana isa soket idan an kunna makulli, sannan an auna wayoyin hita biyu da mita. Lafiyayyar hita takan nuna 'yan ohm kaɗan, gwargwadon ƙirar motar, tsinkakkiya kuma ba ta nuna komai. Idan hitocin sensa biyu ko fiye suka ba da lamba a rana ɗaya, da wuya a ce tare suka mutu. Fiyus ɗin da suke tarayya a kansa ko wayar da ke ciyar da su ya kamata a bi. A kan samu waya ta kwanta a jikin salansa ta narke, ko ɓera ya gwaguye ta, ko ruwan wankin inji mai ƙarfi ya shiga soket ya bar tsatsa mai launin kore a bakin filoginta.

Inda aikin yake da zurfi, kuma inda aka fi zaluntar sensa, shi ne lambobin P0171 da P0174, masu cewa iska ta rinjayi mai, da P0172 da P0175, masu cewa mai ya rinjayi iska. Waɗannan lambobi ba su ma ambaci sensa ba. Abin da suke cewa shi ne ƙwaƙwalwa ta yi ta gyara man har ta kai iyakar da aka ba ta, haɗin bai daidaita ba. Canja sensa a kan irin wannan lamba ba tare da gwaji ba tamkar korar maigadi ne saboda ya ce an fasa katanga. Abin da za a duba shi ne adadi biyu da kowace sikana, har da 'yar ƙaramar da ake haɗawa da wayar hannu, take iya nunawa: STFT, wato gyaran da ake yi nan take, da LTFT, wato gyaran da ƙwaƙwalwa ta koya ta ajiye. Ana haɗa su biyun a samu jimilla. Idan jimillar tana tsakanin kashi 10 sama ko ƙasa da sifiri, ana ɗaukar lamarin a matsayin lafiya. Idan ta haura zuwa kashi 20 ko 25 a sama, to motar tana ƙara mai sosai domin cike wani giɓi, kuma aikin mai gyara shi ne gano giɓin.

Hanyar ganowa tana cikin kwatanta adadin a yanayi biyu. A ɗauki misalin Corolla da ta zo da P0171, inji ya yi zafi, a silo jimillar gyaran tana kashi 22. Sai a taka totur a riƙe zagayen inji a 2,500 a ga abin da zai faru. Idan adadin ya ruguzo zuwa kashi 5 ko 6, kusan tabbas iska ce take satar hanya ta shiga inji bayan sensar iyafilo mai auna yawan iskar da inji yake shaƙa, ta wani tsagaggen tiyo ko gaskit ɗin manifol da ya bushe ko bawul ɗin numfashin inji da ya maƙale a buɗe. Dalili kuwa a silo iskar da inji yake shaƙa kaɗan ce, don haka 'yar ƙaramar ɓaraka tana da babban tasiri, da an buɗe totur kuma sai ta nitse cikin yawan iskar da ke shiga. Babban tiyon roba mai lanƙwasa da ke tsakanin gidan filtar iska da bakin totur ya cancanci a cire shi a lanƙwasa a hannu ƙarƙashin haske, domin tsagarsa takan ɓuya a cikin kwarin lanƙwasar ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, kuma zafin ƙasarmu yana saurin busar da roba.

Idan kuma akasin haka aka gani, wato a silo adadin lafiya lau amma yana hawa duk lokacin da aka taka ko ake hawan tudu, to man ne ba ya isa yadda ake buƙata, ko kuma ana ƙidaya iskar ƙasa da yadda take. A nan zargi yana kan famfon mai da ya gaji, ko matatar mai da ta toshe, ko nozul masu datti, ko sensar iyafilo da ƙura ta lulluɓe siririn zarenta. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a wurinmu, musamman bayan hunturu, saboda al'adar kaɗe tsohuwar filtar iska ko hure ta da iska mai ƙarfi a mayar, alhali takardarta ta riga ta huje ko bakinta ba ya zama daidai. Wanke zaren da maganin da aka yi dominsa, ba tare da an taɓa shi da hannu ko tsumma ba, ya sha warkar da motar da aka riga aka yi wa kuɗin sensa. Shi ma fetur ɗin kansa yana iya zama sanadi: wanda aka gauraya da sinadarai irin su metanol, kamar wanda hukumomin Najeriya suka tabbatar an shigo da shi a Fabrairun 2022, yana buƙatar a zuba shi da yawa kafin ƙuna ta daidaita, don haka idan wutar ta kama jim kaɗan bayan shan mai a wani sabon wuri, a tuna da wannan.

Akwai hanyoyi biyu da oksijin yake yaudarar sensa alhali man da ke shiga inji daidai yake. Ta farko ɓaraka ce a salansa kafin wurin sensar. Hayaƙi ba ya fita a miƙe, bugu-bugu yake yi, kuma tsakanin bugu da bugu tsagar takan zuƙo iskar waje zuwa ciki. Sensa ta ga oksijin, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, motar ta riƙa shan fetur tana baƙanta fulogi, lambar kuma tana ta cewa mai ya yi kaɗan. Ana gane wannan da ƙarar tas-tas da sanyin safiya wadda take raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, da kuma baƙin tabon hayaƙi a gefen gaskit ko a jikin sassauƙan bututun nan mai kama da saƙa da ramukan hanya suke yawan karyawa. Ta biyu ita ce fashin ƙuna: idan fulogi ko kwayil ya mutu, iska da mai suna fita tare ba su ƙone ba, sensar kuma oksijin ɗin kawai za ta gani. Saboda haka duk lokacin da lambar fashin ƙuna P0300 ko 'yan uwanta suka zo tare da lambar sensa, da su ake farawa.

Ɓangaren yawaitar mai bai kai wannan sarƙaƙiya ba: nozul mai ɗiga, matsin mai da ya wuce kima, bawul ɗin tururin tanki da ya ƙi rufewa, ko sensar zafin ruwa da take ta cewa inji da sanyi. Amma akwai wata ɗabi'a ta garejinmu da ba zan wuce ba tare da na yi magana a kanta ba, wato cire tamostat, bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, da haɗa fanka kai tsaye da sunan maganin zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma idan aka hana shi kaiwa nan da wuri, ƙwaƙwalwa takan daɗe tana zuba mai irin na inji mai sanyi, a wasu motocin har ta ba da P0125 ko P0128. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 babu mai motar da zai ce wannan ƙarin shan fetur ƙaramin abu ne. Haka nan motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG, idan ba a saita na'urar gas ɗin daidai ba, sukan ba da waɗannan lambobi na rinjaye. Gwajin kuwa mai sauƙi ne, a duba adadin gyaran a kan fetur, a sake dubawa a kan gas.

Sai bayan an kawar da waɗannan ne ake fuskantar sensar kanta, kuma gwajinta ba ya buƙatar a kwance ta. Inji yana da zafi, a riƙe shi a wajen zagaye 2,000 zuwa 2,500, a sa sikana ta zana lantarkin sensar gaba shi kaɗai, domin ƙananan sikanoni suna nawa idan aka tara musu abubuwa da yawa, har su sa lafiyayyar sensa ta yi kama da gajiyayya. Mai lafiya za ta riƙa sauka ƙasa da 0.2 tana hawa sama da 0.8, kusan sau ɗaya a daƙiƙa ko fiye. Daga nan a tilasta mata: a taka totur da sauri a ga ko ta yi tsalle zuwa wajen 0.9, a saki gaba ɗaya a ga ko ta faɗo kusa da 0.1, ko a zare wani tiyon iska na manifol a ga ko ta sauka nan take. Sensar da ta amsa duka biyun cikin hanzari gaskiya take faɗa, komai lambar da aka samu. Wadda take jan ƙafa, ko hawa da saukarta suka taƙaita tsakanin 0.4 da 0.6, ita ce tsohuwar da P0133 take nufi, kuma ta cancanci canji. Wadda ta daskare a wuri ɗaya ba ta motsi, mai P0134, sai an bi wayarta zuwa ƙwaƙwalwa kafin a ce ta mutu.

Wannan gwaji yana da togaciya babba wadda ta shafi motocin da suka fi yawa a hannunmu. Tun shekarun 1990 Toyota da Honda da wasu suka fara saka wata irin sensa a gaba, wadda take auna ainihin ma'aunin iska da mai maimakon ta ce ya yi yawa ko ya gaza kawai. Irin wannan ba ta hawa da sauka. A motocin Toyota sikana takan nuna ta a tsaye a wajen bolt 3.3, wasu ƙananan sikanoni kuma su nuna 0.66, sannan ma'anarta a juye take, domin hawan lantarki shi ke nuna iska ta yi yawa. Bakaniken da ya saba da tsohuwar sensa, idan ya ga layi a miƙe, zai rantse cewa ta mutu alhali aikinta take yi. Mafi muni shi ne zaren ɗaurinsu iri ɗaya ne, don haka ana iya ɗaura ta gargajiya a ramin ta zamani ta zauna daram, motar kuma ta rikice gaba ɗaya. Lambar da ke jikin sensar da lambar shasin mota su ne abin dogaro wajen saye, kamannin ido ba ya wadatarwa.

Ita kuma lambar P0420, da takwararta P0430, hukunci ne a kan tukunyar tace hayaƙi, sensar baya shaida ce kawai. Lafiyayyar tukunya tana riƙe oksijin tana sakinsa a hankali, don haka lantarkin sensar baya yakan zauna kusan a natse a wajen 0.6 zuwa 0.7. Idan ya koma yana kwaikwayon hawa da saukar ta gaba, tukunyar ta daina aiki, ko kuma babu komai a cikinta. Wannan na biyun ba baƙon abu ba ne, domin ƙarafan filatinam da faladiyam da rodiyam da ke cikinta suna da tsada, kuma motoci da yawa an kwashe musu ita kafin su iso hannun mai su, ko kuma an ba shi shawarar cirewa wai don mota ta ƙara gudu. Sabuwar sensa ba za ta gyara wannan ba, hasali ma ta fi tsohuwar saurin tona shi. Dabarar ɗaga sensar baya da wani ɗan ƙarfe don a kashe wutar kuwa ba ta rage ko ɗigon gubar da fasinja da ɗan talla da yaron da ke bakin titi suke shaƙa ba, kuma a ganina bai dace mai sana'a ya kira ta gyara ba.

Idan an tabbatar sensar ta mutu, akwai sauran tambaya guda, wato me ya kashe ta. Ana yawan ambaton kimanin kilomita 160,000 a matsayin rayuwar mai hita, don haka wadda ta mutu da wuri akwai dalili, kuma kanta yakan nuna shi. Baƙin toka mai laushi alamar yawan mai ne. Farin ɓawo mai kama da alli yana nuna silikon, galibi daga gam ɗin gaskit da ake lafta wa inji ba tare da duba ko ya dace da sensa ba. Ɓawo mai ƙura-ƙura fari ko kore-kore yana nuna ruwan lagireto yana shiga silinda ta gaskit ɗin tof. Mai duhu da maiƙo kuma inji ne yake shan baƙin mai. Dalma, wadda ita ce babbar mai kashe sensa a da, ta ragu tun da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina fetur mai dalma a farkon 2006. Duk wanda ya ɗaura sabuwa bai magance sanadin ba, kwanan sabuwar ma ƙidayayye ne.

Wajen ɗaurawa akwai ƙananan abubuwa masu manyan sakamako. Ana kwance sensa da soket mai tsaga na milimita 22, salansa tana da ɗumi, kuma a cire filoginta tukuna don kada wayoyin su murɗe. Man hana tsatsa a kan zare kawai ake shafa shi, kada ya taɓa kan. Masu sayen sensar da ake yanke waya a haɗa su sani cewa launukan ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni: a ta Bosch farare biyu su ne na hita, baƙa ita ce ta saƙo, a ta Denso kuwa baƙaƙe biyu ne na hita, shuɗiya ce ta saƙo, don haka haɗa baƙa da baƙa kuskure ne. Wasu sensocin ta cikin zaren wayar suke samun iskar wajen da suke kwatanta hayaƙi da ita, shi ya sa ba a so a yi musu dalma ko a cika soket ɗinsu da giris. Ta Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa ko Fanteka tana iya zama ta asali mai sauran rai, tana kuma iya zama wadda ta gama shekarunta a wata ƙasa, saboda haka a yi sharaɗin mayarwa, a kuma yi mata wancan gwaji na totur tun motar ba ta bar gareji ba.

Bayan gyara, mutuwar wuta ba ita ce shaida ba, tunda gogewa kaɗai tana kashe ta, kuma yawancin waɗannan lambobi sai matsalar ta maimaitu a tafiya biyu a jere kafin su sake kunna ta. Shaidar ita ce adadin gyaran mai ya dawo kusa da sifiri a silo da kuma a kan hanya, sannan gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa take yi wa kanta, na sensa da na hita da na tukunya, su nuna an kammala su ba tare da wata lamba mai jiran tabbaci ba. Wannan shafi na sikana yana da amfani ƙwarai ga mai sayen mota a hannun dila ko daga Kwatano. Idan ya nuna ba a kammala gwaje-gwajen ba, to an goge lambobi ko an cire batir kwanan nan. Hakan ba lallai ya zama ha'inci ba, domin batir yakan mutu a cikin jirgin ruwa, amma dalili ne na a fita da motar babban titi a yi tafiya mai ɗan nisa a sake jona sikana kafin a biya kuɗi. Motocin kasuwar Amurka daga ƙirar 2010 kuma suna da wani rukunin lambobi na dindindin da sikana ba ta iya gogewa, cire batir ma ba ya taɓa su, sai ƙwaƙwalwar ta gwada da kanta ta ga matsalar ta kau, don haka mai saye ya nemi a buɗe masa wannan shafin shi ma.